Tatsuzo da Kaskon Matarsa

Tatsuzo Ebina ya kai shekara sittin da takwas a duniya bai taɓa ɗora kasko a wuta ba. Ba girman kai ya hana shi ba, haka dai aka raba aikin tun farko. Shi ne da jirgi da igiyoyi, matarsa Kinue ita ce da kicin, kodayake in za a faɗi gaskiya rabin aikin jirgin ma ita ke yi, don da wuya ya fita ruwa ba ta tare da shi.

An haife shi a ƙauyenmu, a bakin tekun Mutsu, tun ba a fara kiwon hotate ba, wannan abin ruwa mai ƙwanso biyu kamar mafici, da dunƙulen farar tsoka a tsakiya. A zamanin ubansa sai dai a ja taru a ƙasan ruwa, shekarar da aka samu a ci, wadda babu a haƙura. Da dusar ƙanƙara ta fara sauka mazan ƙauyen ke ɗaure kaya su tafi Tokyo aikin gini, ba za a sake ganin ƙeyarsu ba sai sanyi ya wuce. Tatsuzo yana ɗan shekara goma sha biyar aka gano dabarar rataya buhunan albasa a cikin ruwa, 'ya'yan hotate su zo su maƙale a jiki, ƙanana kamar ƙwayar shinkafa. A kwashe su a zuba a kejin raga, in sun tasa a huda kunnen ƙwanson a jera su a igiya, a mayar da su ruwa su girma. Daga nan maza suka daina tafiya. Tatsuzo ya bar makaranta ya shiga jirgin ubansa, bai kuma taɓa sha'awar wani aiki ba.

Kinue ba 'yar bakin ruwa ba ce. Daga can cikin tudu aka auro ta, gidan manoman tuffa. Shekararta ta farko a jirgi amai ta yi ta yi, har surukarta ta ce wannan kam a bar ta a gida ta riƙa tsaron kyanwa. Ita kuwa ta riƙa ɗaure cikinta da zane tana shiga. Kafin shekara biyar babu macen da ta kai ta saurin jera hotate a igiya duk ƙauyen. 'Ya ɗaya suka haifa, Narumi, kuma tun daga haihuwarta Kinue ke kiransa Baba, shi kuma yana kiranta Mama, har suka kusa manta sunayen juna. Narumi ta gama karatu ta sami aikin ofis a birnin Sendai, ta auri wani mutum mai kirki wanda ko tsayuwa ya yi a kwatar jirage kansa juyawa yake yi. Kowa ya san jirgin ba shi da magaji. Ba a dai zancen a gidan.

Wanda bai yi wannan aiki ba, ba zai gane dalilin da ya sa mutanenmu ba sa doguwar girki ba. Mutum ya fita gari bai gama wayewa ba, ya dawo ya zauna a rumfa yana huji da jeri har rana ta faɗi, yatsu sun sandare, baya ya riƙe. Kinue takan shigo gida da 'yar roba cike da waɗanda ƙwansonsu ya fashe, waɗanda ba za su saidu ba. Shinkafa tun safe tana cikin tukunyar lantarki. Kafin Tatsuzo ya cire takalman roba ya wanke gishirin fuskarsa, ta zura wuƙa ta ɓare goma, ta cire baƙin kayan cikin, ta shimfiɗa tsokar a kan tsumma. Sai ya ji ƙarar kasko, ƙamshin man shanu da na shoyu, baƙin romon waken nan, ya biyo shi har wurin wanka. Minti goma an zauna cin abinci. Shekara arba'in da uku suna haka. Bai taɓa cewa ya gaji da shi ba, bai kuma taɓa cewa ya yi daɗi ba. In ta tambaya sai ya ce, "Ya dai ciyu."

"Ya dai ciyu," in ji ta, tana kwaikwayon muryarsa. "Shi ya sa ka suɗe har nawa."

Abin ya fara ne a wani watan Fabrairu. Suna rumfa suna jeri, Tatsuzo ya ɗaga igiyar da ta gama ya ga ta tsallake wurare da yawa, wasu kuma ta jera biyu a wuri ɗaya. Ya ɗauka gajiya ce, ya gyara. Bayan kwana goma, yana wanke fuska da yamma, maimakon ƙamshi sai ya ji ƙauri. Ya fito da tawul a wuya ya tarar kicin ya turnuƙe da hayaƙi. Kinue tana tsaye gaban murhun gas da sandunan girki a hannu, tana kallon kaskon, hotate sun zama gawayi.

"Mama, ki juya mana."

Ta waiwayo. "In juya me?"

Ya miƙa hannu ya kashe wutar. Ta dubi kaskon, ta dubi sandunan da ke hannunta, ta ce, "Wa ya ɗora wannan ya tafi ya bar shi?"

Suka je wurin likita a birnin Aomori. Ya tambaye ta yau nawa ga wata, ya faɗa mata kalmomi uku ya ce ta riƙe zai tambaye ta an jima. Ta yi dariya ta ce, "Likita, ni fa na daɗe da barin makaranta." Da ya tambaya ba ta tuna ko ɗaya ba. Ta juyo ta kalli Tatsuzo kamar zai raɗa mata amsar. Likitan ya ce ciwon mantuwa ne, akwai maganin da ke rage masa sauri, amma babu mai tsayar da shi.

Narumi ta zo ta kwana uku. Ta sa aka ɗaura wa gas ɗin makulli, ta ba uban mabuɗin. Ta shirya da masu kai wa tsofaffi abinci gida, kullum a kawo kwali biyu. Abincin ba laifi, kifi dafaffe da kabewa da ganye, komai a ɗan gurbinsa. Kinue ta buɗe kwalin ta rufe.

"Wa aka kwantar a asibiti?"

"Mama, ki ɗan ci mana," in ji Narumi.

"Ku kai wa mara lafiyar. Ni in Baba ya shigo zan soya mana."

Bayan Narumi ta koma, sai ta riƙa tsakurar shinkafa kawai ta ture sauran. Cikin wata biyu wandonta ya fara zamewa. Ranar da Tatsuzo ya ga ta ɗaure ƙugu da guntun igiyar jirgi, ya ɗauko mabuɗin, ya je rumfa ya ɗebo fasassu a roba.

Ɓarewa ba ta ba shi wuya ba, aikinsa ne. Ya wanke tsokar a famfo tas, ya kwashe su da ruwansu ya jibge a kasko, sannan ya kunna wuta. Suka riƙa fitar da farin ruwa suna tafasa a ciki. Ya yi ta juyawa. Da ya juye a faranti sun ƙanƙance sun yi fari fat. Kinue tana zaune a kujera bakin ƙofar kicin tana kallonsa tun farko. Ta ɗauki ɗaya ta tauna, ta tauna, ta fito da shi ta ajiye a gefen faranti.

"Wannan suya ka yi ko wanki?"

"Ci kawai."

"In ci tayar keke? Shekara nawa kana cin abin nan, ba ka taɓa leƙowa ka ga yadda ake yi ba?"

Bai ji haushi ba. Rabon da ta yi masa magana da wannan muryar an kwana biyu. Ya ce, "To faɗa mini."

Washegari da yamma ya ja kujerarta kusa da murhu. Ranar kanta a washe yake.

"Kar ka wanke su a famfo, daɗin kake zubarwa. Ɗauko tsumma. Tsane su, sama da ƙasa. Ƙara. In akwai ɗigon ruwa ɗaya ka ɓata. Yanzu gishiri, ɗan kaɗan, ai daga teku suka fito."

Ya ɗora kaskon, baƙin kaskon ƙarfen da ta zo da shi daga gidansu. Ya ɗauki tsoka zai saka.

"Bai yi zafi ba."

"Ya yi."

"Ka ga hayaƙi? To bai yi ba. Tsaya." Suka tsaya. "Yauwa. Ɗiga mai. Jera su ɗaya-ɗaya, ka ba su fili, ba jirgin ƙasan Tokyo ba ne."

Suka fara ƙara. Hannunsa ya kai kan sanduna.

"Baba, cire hannunka. Kai da ba ka taɓa taɓa komai a kicin ba, yau kuma taɓe-taɓe ya kama ka? Bar su. Su za su saki kaskon da kansu in sun yi."

Ya tsaya hannu a baya kamar ɗan makarantar da aka tsayar. Da ta ce juya, ya juya, ya ga gefen ya yi ja kamar ɓawon burodi. Ta ce ya jefa man shanu, ya karkata kaskon ya riƙa ɗiba da cokali yana zuba musu. Shoyu kuma a gefen kasko, ba a kansu ba, don ya ɗan ƙone. Sannan ya sauke maza, tun tsakiyar tana da sauran sheƙi. Ta ci shida ranar, da shinkafa kwano guda.

Labari ya kai kwata. Yasoji, maƙwabcinsa, wanda suka yi makaranta tare kuma jirginsu ke ɗaure gefe da gefe, ya tare shi da safe.

"Tatsu, an ce an saya maka rigar girki mai furanni."

"Ta matarka na ara. Ta ce kai ba ta shigarka, tumbi ya hana."

"To yaushe za ka gayyace mu? In zo da maganin ciwon ciki ko akwai a gidan?"

"Zo da haƙoranka dai. Jiya na ga ka bar su a jirgi."

Shekara biyu suka yi a haka. Tatsuzo ya rage igiyoyinsa rabi, don Kinue ba ta ƙara shiga jirgi ba. Shi da Yasoji suka riƙa taimakon juna, yau a ɗaga na wannan, gobe na wancan, matar Yasoji kuma ta riƙa leƙa Kinue da safe. Kinue ta manta sunayen maƙwabta. Ta manta yadda ake ɓalla maɓalli. Wata rana ta tambayi Narumi a waya ko ta gama aikin makaranta. Koyarwar ma ta daina, ba ta ƙara cewa tsane ko juya ba. Amma in ta ji ƙarar kaskon nan takan taso daga duk inda take ta zo ta zauna a kujerarta, kuma suyar nan ce kaɗai abin da take ci da marmari. Tatsuzo ya koyi dafa miyar safe da ƙwai, ya koyi wankin kayan mata, ya koyi taje gashi. Suyar ce kawai yake jin ya iya da gaske.

Sai aka yi shekarar zafi. An taɓa yin irinta a baya, an yi asara an farfaɗo. Wannan ta zo daban. Tun Yuli ruwa ya ɗumame, Agusta ta wuce bai huce ba, Satumba ma haka. Mutum ya tsoma hannu ya ji kamar ruwan wankan da aka bari ya ɗan sha iska. Ƙungiyar masunta ta ce kowa ya saukar da igiyoyinsa can ƙasa inda ya fi sanyi, kada a taɓa, kada a ɗaga, ko girgiza su ta yi yawa. Mazan ƙauyen suka riƙa zama a kwata suna kallon gorunan roba suna lilo a kan ruwa.

Sai ƙarshen Oktoba aka ce a duba. Ranar ta Tatsuzo ce, Yasoji ya shiga jirginsa. Injin ya jawo igiyar farko. Tun kafin ta gama fitowa warin ya iso. Ƙwanso bayan ƙwanso, duk baki a buɗe, ba komai a ciki sai laka da ɗan baƙin ruwa. Suka jawo ta biyu, ta uku. Suka ɗago kejin ƙananan, irin baɗi, Tatsuzo ya zazzage a kan katako, suka zubo da ƙara kamar fasassun kwalabe.

"Gwada can gefen dutse," in ji Yasoji. "Wurin ya fi zurfi."

Suka gwada. Ɗaya ne. A cikin goma da ƙyar a sami ɗaya mai rai. Tatsuzo ya riƙa tsintar masu ran yana jefawa a bokiti. Ya kasa dainawa, ya ce a ƙara ɗaga wata, a ƙara wata, har la'asar ta yi, alhali kullum kafin tsakar rana yake komawa gida. Ya manta matar Yasoji ta ce da rana za ta je ganin likitan ido.

Ya tarar da ƙofa a buɗe, takalman Kinue na fita suna nan, ita ba ta nan. Ya duba rumfa, ya duba bayan gida, ya bi bakin ruwa yana leƙa tsakanin duwatsu. Aka sanar a lasifikar ƙauye. Rana na gab da faɗuwa motar 'yan sanda ta kawo ta. Wani direban bas ne ya gan ta a hanyar tudu, kusan kilomita bakwai daga gida, da silifas ɗin ɗaki ƙafa ɗaya. Ta ce masa sauri take yi, ubanta na jiranta su tsinke tuffa kafin iska ta taso. Uban ya shekara talatin da rasuwa.

Tatsuzo ya sunkuya ya ba 'yan sandan haƙuri, ya ba maƙwabta haƙuri ɗaya bayan ɗaya. Ya zaunar da ita ya kawo ruwan ɗumi a baho ya wanke mata ƙafar da ta farfashe, yana zare tsakuwa da farce. Tana kallon tsakar kansa ta ce, "Kai ma ka zo tsinkar?"

"Na zo," in ji shi.

Narumi ta kira da ta ji. 

"Baba, akwai gidan kula da tsofaffi a birni, na yi magana da su. Layi ne, gara a sa sunanta tun yanzu."

"Ba inda za ta."

"In da mota ta buge ta fa? In da ruwa ta nufa?"

"Zan sa wa ƙofa ƙararrawa."

"Kai ma fa ka haura saba'in. Wa zai kula da kai?"

"A can me za ta ci? Kin ga yadda ta yi da kwalin nan. Nawa take ci. Nawa kaɗai."

Narumi ta ce za ta sa sunan dai, ba dole sai an kai ta ba. Bai hana ta ba.

Waɗanda suka tsira bai sayar da ko ɗaya ba, dama ba su kai a kai kasuwa ba. Ya zuba su a keji biyu ya rataya a gindin kwata inda zai iya jawowa da hannu. Kullum ya ɗebo shida, huɗu nata, biyu nasa. Ya lissafa za su kai su har sanyi ya wuce.

Wata yamma a Janairu, ƙanƙara na zuba tun safe, ya soya kamar kullum. Sun yi kyau ranar, gefen ya yi ja sosai. Ya yanka mata kowane gida biyu. Ya juya zai zuba shayi sai ya ji sandunan cin abincinta sun faɗi. Ya waiwayo ya ga bakinta a buɗe, ba sauti, fuskarta na canza launi, hannunta na yaƙushin tebur. Ya dunƙufar da ita ya riƙa dukan bayanta da tafin hannu. Ya zura yatsa a maƙogwaronta. Guntun ya fito, ta ja numfashi da wata irin ƙara, ta hau tari ba tsayawa. Motar asibiti ta yi minti arba'in kafin ta ratso ƙanƙarar. Duk lokacin nan yana zaune a ƙasa yana riƙe da ita, man shanu ya daskare a kaskon.

Ba ta mutu ba. Amma wani abu ya wuce cikin huhunta, zazzaɓi ya rufe ta, ta yi mako biyar a kwance. Da ta fara samun sauƙi likitar da ke duba ta ta kira shi da Narumi ofis. Ta ce ciwon ya kai inda maƙogwaro ma ke manta yadda ake haɗiya. Daga yanzu ba abin taunawa, sai abin da aka niƙa ya yi kauri, a ba ta a cokali, wanda ya san aikin yana kusa.

"In na yanka ƙanana sosai fa?" in ji Tatsuzo.

"A'a, Ebina-san. Tsokar tana da zare, ita ce ma mafi hatsari."

"In na soya na niƙa?"

Likitar ta dubi Narumi, ta dawo da ido kansa. "Ba maganar abinci ɗaya ba ce. Ko ruwa ma yanzu sai an kaurara mata. Ba za ka iya kai kaɗai a gida ba."

A mota suna komawa Narumi ta ce, "Baba, ba laifinka ba ne. Da ba don kai ba da tuni ta ƙare."

"Ni na sa mata a faranti."

"Me za ka sa mata in ba shi ba?"

 Daga asibiti aka wuce da Kinue gidan kula da tsofaffin, ba ta sake taka gidanta ba. Tatsuzo ya wanke kaskon, ya shafe shi da mai yadda take yi don kada ya yi tsatsa, ya naɗe a jarida ya tura ƙarƙashin wurin wanke-wanke. Kejin biyu ya ce Yasoji ya ɗauka.

Ya sake gwada kiwon shekara ɗaya, don bai san abin da zai yi da safiyarsa ba. Iri ya yi wuya, ɗan wanda aka samu zafin shekarar ya zo ya gama da shi. Jiragen ƙauyen da suka kai talatin da ɗaya suka koma goma sha biyu. Yasoji ya riga shi ajiyewa, gwiwa ta hana shi tsayuwa, kuma ya ce ya gaji da ɗaga ƙwanso wofi. Jirgin Tatsuzo ko kyauta ba mai so. Aka jawo shi tudu, wata mota mai ƙugiya ta zo ta farfasa shi ta kwashe. Yasoji ya tsaya kusa da shi da sanda har aka gama.

"Jirgin ma dama mummuna ne," in ji Yasoji.

"Ya fi naka gudu."

"Da yake kai ke tuƙi kamar ana binka."

 Suka tako gida a hankali.

A ofishin ƙungiya aka ba shi takardar mayar da izinin wurin kiwonsa. Akwai wurin dalili, gida huɗu: tsufa, rashin lafiya, rashin magaji, wani dalili daban. Ya daɗe yana riƙe da biro. Matar da ke teburin, 'yar wani abokinsa da ya rasu, ta ce, "Kawu, kowanne ka zaɓa ya yi, ba mai dubawa." Ya sa alama a tsufa, ya buga hatiminsa.

Narumi ta gyara masa ɗaki a Sendai. Ya ce ba yanzu ba. Yana nan a gidan shi kaɗai, kwalin abinci ɗaya ake kawo masa. Talata da Juma'a yakan shiga bas ɗin safe, ya sauka ya canza wata, ya isa wurin Kinue kafin abincin rana. Ta rame, an rage mata gashi. In ya shiga takan ɗan sunkuyar da kai kamar yadda ake yi wa baƙo. Magana ta kusa ƙarewa, sai kalma ɗaya ko biyu.

Ya yi ta roƙo a bar shi ya riƙa ba ta abinci da kansa. Aka koya masa yadda za a zaunar da ita, yadda za a karkata haɓarta, rabin cokali, a jira a ga maƙogwaro ya motsa. Ya koya da kyau. Ranar da aka ba shi dama aka kawo tire, dunƙule uku masu laushi, fari da kore da ruwan ƙasa. Ya ɗebo rabin cokali ya kai bakinta.

"Mama, buɗe."

Ta dube shi ta damƙe leɓɓanta. Ya jira. Ya taɓa leɓen da gefen cokali yadda aka nuna masa. Ta kau da kai wajen taga. Ya zagaya ta wancan gefen, ta sake kauwa. Ya yi kusan minti ashirin yana lallashi, abincin ya fara hucewa.

Ma'aikaciyar da ke tsaye ta matso ta ce, "Ebina-san, kawo in gwada. Haka take yi da wanda ba ta saba da shi ba." Maganar na fita ta gane abin da ta faɗa, ta sunkuyar da kai ta ba shi haƙuri.

"Ba komai," in ji shi, ya miƙa mata cokalin.

Ta zauna ta ce, "Kinue-san, ga abinci." Kinue ta buɗe baki.

Tatsuzo ya koma kujerar gefe ya zauna, hannuwansa a kan gwiwa, yana kallo har aka gama tiren. Ya yi wa ma'aikaciyar godiya, ya ɗauki hularsa, ya fita ya tsaya jiran bas ɗin ƙarfe biyu.